Sel dubu ɗaya kacal: ina furotin ɗin yake tafiya?

Tambaya: Malam, sel kusan 1,000 nake samu a kowane samfuri. Na bi hanyar da aka saba wajen shirya su, amma da aka sa su a na'urar mas-sifektiromita (mai gane furotin ta hanyar auna nauyi), keratin (furotin na fata da gashi) da tiripsin (sinadarin da ke yayyanka furotin) ne suka cika sakamakon. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗalibar digiri na biyu.

Amsa: Malama, hanyar da kika bi an tsara ta ne don miliyoyin sel. Sel ɗaya na mutum ko na dabba mai shayarwa furotin ɗinsa bai wuce pikogiram 100 zuwa 250 ba, wato duk abin da ke hannunki nanogiram 100 zuwa 250 ne. Wannan ɗan abin, jikin roba ma ya isa ya shanye shi. Duk juyi daga kwalba zuwa kwalba, duk taɓawar bakin bututun ɗiba, sai wani kaso ya manne ya zauna.

Don haka ki yi komai a kwalba ɗaya, irin wadda furotin ba ya manne mata sosai, ruwan kuma kada ya wuce maikirolita 5 zuwa 10. Tun kafin nan ki wanke sel da PBS (ruwan gishirin wanke sel) sau biyu ko uku, in ba haka ba furotin ɗin albumin na ruwan rainonsu zai danne komai.

Wajen fasa sel ki guji sinadaran sabulu irin SDS da Triton X-100. SDS yana hana feftaid (gutsattsarin furotin) ɗaukar cajin da na'urar ke buƙata, Triton kuwa yana barin jerin alamu a sakamakon, masu tazarar dalton 44 (ma'aunin nauyi), da ke rufe na gaske, kuma cire su ƙarin asara ne. DDM (sinadarin sabulu mai sauƙi) kashi 0.1 cikin ɗari a TEAB (ruwan daidaita pH) milimola 50, pH wajen 8, ya wadatar.

Tiripsin ma a nan ake yawan tuntuɓe. Ma'aunin 1 bisa 50 (tiripsin bisa furotin) ya yi masa kaɗan, domin a tsarke yake cikin ruwan; ki kai shi wajen 1 bisa 10, a zafin digiri 37. Ki yi amfani da injin PCR (mai riƙe zafi daidai) mai murfi mai zafi, don ɗigo kamar wannan tururi yake zama ya taru a murfi. Ki tsayar da narkewar da fomik asid, kuma kada ki busar da samfurin ƙayau, feftaid da ya bushe a jikin roba ba duka yake dawowa ba.

Keratin kuwa daga fata, gashi da ƙura yake: ki yi amfani da safar hannu, rufaffiyar kwalba da sabon ruwan haɗi. Ki haɗa da kwalba ɗaya marar sel ta bi duk matakan, ita za ta nuna miki abin da ba na sel ɗinki ba.