Ku Tambaya Mu Amsa: Keke, Ƙaya da Baƙin Mai

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce na ce har gobe da keke nake zuwa aiki, saƙonni suke ta shigowa, na ce to ashe ba ni kaɗai ba ne a Birnin Kebbi. Na tsamo guda biyar, sauran a yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Kalgo, tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine mashin na ɗauko tsohon Phoenix na mahaifina. Matsalar sarƙa ce, kullum ƙara take kamar injin markaɗe, kuma in na taka da ƙarfi sai ta zame. Ina zuba mata baƙin mai duk sati amma abin sai gaba yake.

AMSA: Malam, ai baƙin man nan shi ne ciwon. Na san za a ce kowa haka yake yi, ka je wajen bakanike ya tsiyayo maka wanda ya juye daga inji kyauta, ka labta wa sarƙa har yana ɗiga. To man da ya gama aiki a inji cike yake da garin ƙarfe da dauɗa, ga shi da danƙo, mu kuma ƙasarmu ta yashi ce, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga har cikin tukunyar miya. Ƙura ta manne wa man nan sai su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, duk juyin da ka yi da feda kana goge sarƙarka ne da haƙoran da take hawa.

Ga yadda nake yi da nawa. In sami gwangwanin madara in zuba kananzir kaɗan, da tsohon buroshin goge baki, in kifa keken sirdi a ƙasa, in yi ta cuɗa sarƙar ina juya feda har baƙin ya daina fita. In goge da tsumma, in bar ta ta sha iska. Sannan in ɗauko man keken ɗinki, irin wanda teloli ke saya a 'yar roba, in ɗiga ɗigo ɗaya ɗaya a kan kowace gaɓa, in juya feda kamar sau ashirin, sai kuma in sake kama tsumma in goge duk man da ke waje. Nan ne mutane ke mamaki, wai ka sa mai kuma ka goge? E, aikin mai a cikin gaɓa yake, wanda ya rage a waje gayyatar ƙura kawai yake yi. Man keken ɗinki ba shi da kauri, don haka ba ya daɗewa, duk sati ko bayan ruwa ya dake ka sai ka maimaita. In ka sami sabon man inji wanda ba a taɓa amfani da shi ba shi ma ya yi, amma kaɗan.

Zancen zamewa kuma, ina zargin sarƙar ta riga ta cinye. Ari tef ɗin awo wajen tela, gefen inci. A sabuwar sarƙa tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne daidai, wato in ka ɗora kan tef a tsakiyar wata ƙusa, inci 12 zai faɗa a tsakiyar wata ƙusar cif. In ka ga ta zarce, sarƙa ta miƙe. In zarcewar ta yi yawa to leƙa haƙoran firiwil, wato ɗan faifan da sarƙa ke hawa a tayar baya, in sun yi tsini sun karkace kamar ƙugiya sai dai a canza su tare, don sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ita ma tsalle za ta yi ta yi, ka yi asarar kuɗi a banza. In ko awo ya nuna lafiya lau take, sako-sako kawai ta yi, a sassauta notin tayar baya a ja ta baya kaɗan a ɗaure.

Kuma don Allah kar ka sayar da keken nan. Phoenix na Shanghai da Raleigh na Ingila irin na iyayenmu ƙarfe ne na gaske, nauyi ne kawai aibinsu, ga kayan gyaransu ko a kasuwar ƙauye ana samu. Nawa ya girmi ɗana na fari.

TAMBAYA: Malam don Allah mi ad dabara? Ni manomin shinkafa ne nan Argungu, da keke ni ka zuwa hwadama. Sati guda sai in yi hwaci ukku, kuma kusan wuri guda taya ta ka sacewa. Mai hwaci ya zama kamar surukina wlh.

AMSA: Ɗan'uwa ka ba ni dariya, Allah ya raba ka da wanga suruki. In wuri guda take sacewa to mai laifin yana nan zaune cikin taya bai fita ba. Ƙayar aduwa ko ta tsidau in ta shiga sai kanta ya karye a cikin robar, daga waje ba ka ganin komai, a liƙe tiyub a mayar a buga iska, ka hau, ta sake huda shi a hankali. Ni ma an taɓa yi min haka, wani mai faci a bakin kasuwa sau biyu rana ɗaya yana karɓar kuɗina, sai da na zauna da kaina na juya tayar na bi cikinta da yatsa a hankali, sai ga ɗan tsinin ƙaya bai kai ƙwayar gero ba. Da allura na cire shi.

Ramin da kansa yana ba da labari in ka duba. In a bayan tiyub yake, ɓangaren da ke kallon ƙasa, ƙaya ce ko ƙusa. In a ciki yake ɓangaren da ke kwance kan rim, kan sifok ne ke sukarsa, robar da ake shimfiɗawa a kan rim ta tsinke ko ta goce, sai ka yanko tsohon tiyub ka zagaye wurin. In kuma ka ga ramuka biyu gefe da gefe kamar saran maciji, wannan ƙarancin iska ne, ka ɗora buhun shinkafa a kariya ka faɗa rami, rim ya matse tiyub ya tsaga shi. Ina kyautata zaton kai har da wannan, don mutanenmu na tsoron cika iska wai kar rana ta fasa taya. Adadin iskar da taya ke ɗauka a rubuce yake a gefenta, amma ko ba ma'auni, in ka danna da babban yatsa ta lotsa to ba ta ƙoshi ba.

Ka koyi facin da kanka, ba wani karatu ba ne. Buga iska ka tsoma tiyub a ruwa ka ga inda ke kumfa, ka busar, ka kankare wurin, ka shafa sholisho siriri, sannan ka jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi kafin ka ɗora facin ka danne. Gaggawar liƙawa sholisho na ɗanye ita ke sa faci ɗagowa. Kuma tunda hanyarka ta ƙaya ce, tsaga tsohon tiyub ka shimfiɗa shi cikin tayar tsakaninta da sabon, zai ɗan ƙara nauyi amma ƙananan ƙayoyi ba za su kai ba.

TAMBAYA: Na yi ritaya, shekarata 61, likita ya ce ina da suga da hawan jini in riƙa motsa jiki. Na sayi keke na gwanjo mai giya amma gwiwa ke ciwo, ga yarana sun ce ina ba su kunya a unguwa. Daga Jega.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, zancen yara bar shi, wanda kunya ta dama ya zo ya raka ka asibiti duk wata ya ga layi. Gwiwa kuwa kusan kullum sirdi ne ya yi ƙasa. Mun saba da son mu zauna a sirdi ƙafa biyu na taɓa ƙasa, to a haka gwiwa ba ta miƙewa, ita ke ɗaukar duk wahalar. Ka jingina da bango ka hau, ka ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba. Nan ne tsayin sirdinka. In ka dawo takawa da gaban tafin ƙafa za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Sannan giya, a sa mai sauƙi ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, ba mai nauyi da sai an yi nishi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, wato minti 30 sau biyar, amma kai fara da 10 ko 15 ka riƙa ƙarawa. Matsakaici shi ne kana tafe kana iya amsa gaisuwa ba ka haki. Lokaci kuwa bayan asuba, don zafinmu na Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, ba abin wasa ba ne ga mai hawan jini. Gorar ruwa da dabino uku a aljihu saboda suga na iya faɗuwa in kana shan magani, in ka ji jiri ko rawar jiki ko zufa mai sanyi ka sauka ka ci. Ka gaya wa likitan ka fara, ƙila ya duba awon maganin. Babban titi kuma na tireloli ne, a bar musu, a bi cikin gari ta hannun dama, ba a fuskantar motoci.

TAMBAYA: A sakaya sunana. Gaskiya ne keke na rage wa namiji ƙarfi?

AMSA: An sakaya. Kakanninmu da suka yi ta zuwa cin kasuwa a kan Raleigh gidajensu cike suke da 'ya'ya. Abin da ke akwai shi ne, in mutum ya daɗe sa'o'i a kan sirdi mai tauri ko wanda hancinsa ya ɗaga sama, yana danne jijiyoyin wurin har ka ji ya yi sanyi kamar ba naka ba. Daidaita sirdin ya kwanta sosai, ka riƙa ɗan miƙewa a kan feda jefi jefi. In abin bai wuce ba bayan ka sauka, ko dama akwai matsala, asibiti za ka, ba wajen mai magani a but ɗin mota ba.

TAMBAYA: Yarona ɗan shekara 9 zan saya wa keken zuwa Islamiyya, babansa ya ce a sayi babba don ya girma da shi. Wata uwa daga Gwandu.

AMSA: Hajiya a ba Alhaji haƙuri, riga ake saya da girma. Ki je da yaron kasuwa, ya tsaya keken na tsakanin ƙafafunsa, tafinsa biyu a ƙasa kuma ƙarfen sama bai taɓa shi ba, sannan ki sa shi ya matse birki ki gani ko yatsunsa na kaiwa kuma yana da ƙarfin riƙewa. Yawanci mai taya inci 20 ko 24 ke yi wa sa'o'insa, ya danganta da tsawonsa. A sa masa ƙararrawa da abin nan ja mai ƙyalli na baya tunda wani lokaci sai dab da magariba ake tashi, kuma a ja masa kunne ban da goyon abokai a kan ƙarfe. In keken ya yi masa kaɗan bayan shekara biyu uku, ai akwai ƙanne.