Tumaki ne takin manoman Ingila na da

Malam, ka tambayi yadda manoman Ingila suke hana gona mutuwa a shekarun 1600 zuwa 1700, alhali babu takin zamani. A kudancin ƙasar, wajajen Wiltshire, Dorset da Hampshire, amsar ita ce tumaki.

Da rana makiyayi zai hau da garken kan tuddai su yi kiwo. Da yamma ya gangaro da su gonar da aka bari ta huta, ya zagaye su da shingen saƙaƙƙun sanduna wanda ake iya cirewa a ɗauka. Nan za su kwana a matse, su zuba kashi da fitsari, su tattake shi cikin ƙasa. Washegari a matsa da shingen gaba kaɗan, har gonar ta gama samun rabonta, sannan a shuka alkama ko sha'ir. Ka san yadda ake barin shanun Fulani su kwana a gona bayan girbi? To, dabarar ɗaya ce.

Wahalarsu ita ce ƙarshen hunturu, lokacin da harawa ta ƙare, sabuwar ciyawa kuma ba ta fito ba. Sai suka haƙa magudanai a fadamun bakin kogi, suna sakin ruwa yana malala siriri a kan ciyawa, ba a barinsa ya tsaya. Ruwan yana kare saiwoyi daga ƙanƙara, ya bar laka mai albarka, ciyawa ta tsiro tun watan Maris. Wannan aikin ya fi burge ni, domin da shi garke ya ƙaru, taki ya yawaita, hatsi ma ya ƙaru.