Amsoshin Tambayoyinku: Amfilifaya da Wufa a Mota

Assalamu alaikum. Na sayi amfilifaya, a kwalinta an rubuta wat 3000, a takardar ciki kuma wat 600 RMS. Wace waya zan ja daga batir zuwa but? Mai haɗa min ya ce fis ɗin da ke jikinta ya wadatar, ba sai an ƙara wani ba.

Wa alaikumus salam. Malam, ka manta da 3000 ɗin nan, na jawo mai saye ne. Lambar RMS ita ce ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa ba yankewa, da ita ake lissafi. In taka ajin D ce, kamar yawancin na wufa (babbar lasifikar bes), kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja ne ke zama sauti, ragowar zafi. Wat 600 ɗinka zai ci wajen 750 ke nan daga batir. Raba 750 da bolt 13.8 da mota ke bayarwa in inji na aiki, ka samu amfiya 54. 'Yar ajin AB ta fi haka ci, don kusan rabin wutarta a zafi yake tafiya.

Daga bonet zuwa but mita huɗu ne zuwa biyar, saboda haka ka ja waya mai lamba 4 AWG, wadda kaurin ƙarfenta ya kai murabba'in milimita 21. Ka feɗe bakinta ka duba kafin ka biya. Akwai wadda ake rubuta wa CCA, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, tana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka. In ka kankare silinta ka ga fari a ciki, ita ce. Wata kuma robar ce mai kauri, ƙarfen ciki ɗan siriri.

Batun fis kuwa, mai haɗa maka bai yi daidai ba. Na jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa. Wayar da ta ratso motar tun daga gaba fa? In ta goge da ƙarfe ta huje, batir zai tura mata ɗaruruwan amfiya, ta yi ja ƙarƙashin kafet, kuma babu abin da zai yanke ta. A sa fis mai amfiya 60 kusa da kan batir, kada tazararsu ta wuce santimita 45. Inda wayar za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, a bi ta ramin da ke da zoben roba. In sabon rami aka huda, a sa masa nasa. A cire kan batir na nagatif kafin a fara aiki, fis kuma shi za a sa daga ƙarshe.

Tun da aka haɗa min amfilifaya nake jin wani siririn kuka a lasifika. In na taka totur ya ƙaru, in na sake ya ragu. An ce min sai na canza rediyo.

Kada ka canza tukuna. Kukan da ke bin totur na altaneta ne, kuma mafi yawan lokaci ta wayar GND yake shigowa, wato wadda ake ɗaure wa jikin mota. Buɗe but ka ga inda aka kafa ta. Abin da aka saba tararwa shi ne siririyar waya an maƙale ta a kan fenti da ƙaramin sukuru, ko an ja ta mita biyu zuwa wani ƙarfe da ba ya haɗe sosai da gangar motar. Dole kaurinta ya yi daidai da na wayar batir, tsawonta kuma kada ya kai rabin mita. A kankare fentin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da noti tamau, sannan a shafa giris a sama saboda tsatsa. Notin bel ɗin kujera ba wurin wannan aiki ba ne.

In kukan bai tafi ba, zare wayoyin RCA, masu kawo sauti daga rediyo, daga amfilifaya ka tada mota. Ya ɗauke? To ta rediyo ko ta RCA ɗin yake zuwa. Duba ko an kwantar da su tare da wayar batir a gefe guda. A raba su, wuta ta bi hagu, sauti ya bi dama. Rediyon ma a tabbatar baƙar wayarsa ta kama ƙarfe mai kyau.

Amfilifayata tana aiki in ina jin tasha, amma da na koma Bluetooth ko USB sai ta mutu.

Wayar REM, wadda ke kunna amfilifaya, aka haɗa ba daidai ba. A bayan rediyo akwai shuɗiya zalla ta eriya, wadda a rediyoyi da yawa sai ana kan tasha take kawo wuta, akwai kuma shuɗiya mai ratsin fari. Ta biyun ce ta kunna amfilifaya. A mayar da ita can, shi ke nan.

Ina da amfilifaya mai tasha biyu (mafitar sauti biyu) da wufa ɗaya mai koyil biyu (naɗin wayar da ke cikinta), kowanne om 4. An haɗa min biriji, wato an haɗe tashoshin biyu sun zama ɗaya, don ƙarin ƙarfi. Bayan minti goma sai jar fitilar PROTECT ta kama, jikinta ba ya taɓuwa don zafi.

Ɗan'uwa, an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Om shi ne ma'aunin turjiyar da koyil ke yi wa wuta, kuma koyil biyu masu om 4 hanya biyu ake haɗa su. In an haɗa fozitif da fozitif, nagatif da nagatif, wato faralel, sun zama om 2. In an haɗa nagatif na ɗaya da fozitif na ɗayan, wato siris, sun zama om 8. Da alama naka faralel ne. To a biriji kowace tasha rabin om ɗin take gani, ma'ana kowacce na fama da om 1, alhali yawancin masu tasha biyu ba sa jure ƙasa da om 4 a biriji. Duba takardarta, za ka ga an rubuta. Ko ka mayar da wufar siris, ƙarfi ya ragu amma ta huta, ko ka nemi amfilifaya mono, mai tasha ɗaya, da ke ɗaukar om 2. Mu da za a bi tamu, mono ɗin za ka nema.

Sai maɓallin GAIN, wanda ke yawan kashe wufa. Mutane na murɗe shi ƙarshe suna zaton na ƙara murya ne, alhali aikinsa daidaita amfilifaya da siginar rediyo. In ya wuce kima sautin yakan yanke a sama, koyil ya yi ta gasuwa har ka ji warin ƙuna. Da mitar awon wuta ake saita shi. Ninka wat RMS da om, ka fitar da tushen murabba'i: wat 500 a om 2 ya ba da 1000, tushensa bolt 31.6. Cire wayar wufa, kashe BASS BOOST, mayar da bes da tirebul na rediyo sifili, kai murya kashi uku cikin huɗu, kunna sautin gwaji na Hz 50. Sa mita a AC a bakin fitar lasifika, ka murɗa GAIN a hankali har ta nuna 31.6. In wufar ba ta kai ƙarfin amfilifayar ba, da wat ɗin wufar za ka yi lissafin.

An sa min wufa biyu a but amma bes ɗin bai kai na guda ɗaya ba, lasifikun ƙofa kuma suna karkarwa in na ƙara murya. Ni mace ce, ba na so a yi ta juya ni a gareji.

Hajiya, wannan kina iya tsayawa a kansa a gyara a gabanki. Wufa biyu da suka kasa guda ɗaya, galibi an juya wa ɗaya waya ne, tana turawa waje 'yar'uwarta na ja ciki, suna cinye sautin juna. A cire wayoyinsu daga amfilifaya, a taɓa su da ƙaramin batir mai bolt 1.5, fozitif a kan fozitif. Kowace wufa ta motsa waje. Wadda ta shige ciki a juya wayarta. Kada a yi wannan gwajin a kan tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti.

Karkarwar ƙofa kuma bes ne ake tura wa ƙananan lasifika da ba su da ƙarfinsa. Ki ce a kunna HPF, mai tare bes, a tashoshin ƙofa a ajiye shi a Hz 80, LPF na wufa, mai barin bes kaɗai ya wuce, shi ma a 80. In akwatin wufar mai rami ne, a kunna SUBSONIC, mai yanke bes ɗin da ya yi ƙasa sosai, kaɗan ƙasa da Hz ɗin da aka gina akwatin a kai. In an yi duk wannan ƙofar ba ta daina ba, a cire murfinta a duba sukurorin lasifikar da robobin da ke riƙe murfin, wataƙila sun saki.