Akwatin faya-fayan Baba: a sayar ko a nemi garmaho?

Tambaya daga wani matashi a Aboabo, Kumasi: "Kawu, bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da faya-fayan garmaho sama da arba'in. Akwai na Osibisa, Santana, Michael Jackson, da na hailaif masu yawa. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya ce zai kwashe duka a kuɗi ɗaya. Yayana da ke Amurka kuma ya ce zai aiko mini da injin kunna su. Ina zan dosa?"

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, akwatin nan gado ne, don haka kafin komai ka ji ta bakin 'yan uwanka, har da mata.

In sun bar maka wuƙa da nama, kada ka sayar a dunƙule. Wanda ya yi wa faifai arba'in kuɗi ɗaya, biyu ko uku ya hango a ciki, sauran gyara ne. Kuma ina kyautata zaton ba Michael Jackson ya hango ba. Thriller na 1982 an buga shi miliyoyin kwafi, ko'ina a duniya ana tuntuɓe da shi. Na hailaif ɗin da kake yi wa kallon tarkace, musamman waɗanda aka buga a nan Ghana irin na kamfanin Essiebons, su ne masu tara faya-fayai a Turai da Japan ke farauta, domin tun asali ba a buga su da yawa ba. Kowane faifai yana da lamba a jikin takardar tsakiyarsa. Ka rubuta lambar a shafin Discogs, za ka ga nawa aka saye irinsa.

Sai dai kuɗin yana bin lafiyar faifan ne. Ka fito da shi daga kwali, ka riƙe ta gefe, ka karkata shi a hasken taga. Ƙananan layuka ba komai. Karcen da farcenka ya ji, allura ma za ta ji, ta riƙa tsalle. Wanda zafin kwanon rufi ya lanƙwasa kuwa da wuya ya miƙe. Ka jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da rana. Ƙura kuma tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta sun isa, kana bin zagayen layin. Ban da kananzir. Na taɓa ganin wanda ya yi haka, ban so in tuna.

Batun inji daga Amurka, a nan mutane ke ƙonewa. Wutarsu 120 ce, tamu 230, ka soka kai tsaye sai hayaƙi. Taransifoma tana gyara wannan, amma akwai saura: wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma wasu tsofaffin injuna da wannan bugun suke auna gudunsu. Irin wannan in ya zo Kumasi sai ya rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ka ji mawaƙi yana jan murya kamar wanda bai karya ba. Ka ce wa yayanka ya duba bayan injin, ko abin cajinsa, ya ga an rubuta 100–240V da 50/60Hz. Ya tabbatar kuma yana da ƙaramin amfilifaya a ciki, in ba haka ba sautin zai fito kamar raɗa. 'Yan ƙananan nan masu kama da jakar tafiya, a bar wa mai shago abinsa, allurarsu nauyi gare ta.

Ranar da ya iso, ka fara da Osibisa na 1971, mai giwaye masu fukafukai a kwali. Jagoransu, marigayi Teddy Osei, ɗan Kumasi ne, a Landan suka haɗa ƙungiyar a 1969, suka zuba ganguna da ƙaho na gida a cikin jitar rok har Turawa suka rasa sunan da za su ba abin. Santana ma ba baƙo ba ne: ya yi wasa a dandalin Black Star da ke Accra ranar 6 ga Maris 1971, tare da su Wilson Pickett da Tina Turner. In faifansa Abraxas ne a akwatin, ka riƙe. Michael Jackson kuwa, a ra'ayina Off the Wall na 1979 ya fi Thriller daɗin ji daga farko har ƙarshe. Thriller taron manya ne, kowace waƙa tana jin kanta. Na san za a yi mini ca, na saba.

Wata mai koyon ɗinki a Asawase ta ce: "Kawu, in riƙa biyan kuɗin wata don jin waƙa a waya, ko na kyauta ya isa? Ƙawata ta ce albam ɗin yanzu duk shirme ne."

'Yata, in a shago kike ji, keke na ta ƙara, na kyauta a Audiomack ko Boomplay ya ishe ki. Biya yana da amfani ne in kina son sauke albam sukutum ki ji babu talla, kuma data ba ta zurarewa. Spotify ya shigo Ghana tun 2021, ki gwada wata ɗaya ki ga ko kina amfani da shi kafin ki ɗaura wa kanki.

Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Faifan garmaho minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, dole mawaƙi ya tace. Yanzu da yawan saurare ake lissafin kuɗi, shi ya sa ake cusa waƙoƙi. Taylor Swift ta saki talatin da ɗaya a tashi guda a 2024, ni dai na gaji a hanya. Amma a 2024 ɗin dai Billie Eilish ta fitar da Hit Me Hard and Soft, waƙa goma cif, babu ta yarwa. Ki ji shi a jere yadda aka tsara, ki kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Akwai kuma Fountain Baby na Amaarae, 'yar Ghana, na 2023. Kiɗan ya yi, sai dai kalaman ba na gaban uwar ɗakinki ba ne, ki sa abin kunne.

Wani direban tasi kuma yana tambaya ko ya kai memori a loda masa tsofaffin waƙoƙin rok a kasuwar Kejetia. Malam, ka kai, amma ka tsaya a kansu su saka kowane albam a jakarsa da lambobin jeri. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, na 1973, waƙoƙinsa shiga juna suke yi babu tsayawa. In aka watsa su cikin waƙa ɗari biyar, kana tsakiyar hailaif a Sofoline za ka ji agogo sun ɓarke da ƙara, fasinja ya ɗauka motar ce ta lalace.