Fatawa: Hukuncin miji mai dukan matarsa a gaban ƙananan 'ya'yansu

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, 'ya'yanmu biyu, kuma ina ɗauke da cikin wata biyar. Tun bara da ruwa ya cinye mana gona maigidana ya canza hali, magana kaɗan sai zagi, wani lokaci mari, wani lokaci duka da duk abin da hannunsa ya kai, kuma ɗaki ɗaya muke kwana da yaran. Babban, mai shekara biyar, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina tuntuni, yana firgita cikin dare, kuma da ya ji sallamar babansa sai ya ruga bayan rumbu ya ɓuya. Ƙaramar da na yaye kwanan nan ta ƙi abinci, sai ramewa take yi. Surukata ta ce iska ce, shi kuma ya ce yara ne, ba su san komai ba, iyayena kuwa sun ce in yi haƙuri saboda 'ya'yana. Malam, shin yana da laifi a kan abin da yake samun yaran, kuma ni ina da zunubi idan na tafi gida da su?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. 'Yar'uwa, Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya ba yaran lafiya, ya shiryi maigidanki.

Abin da kika siffanta, idan haka yake, haramun ne, kuma zalunci ne guda biyu a haɗe, ɗaya a kanki, ɗaya a kan yaran. Allah ya umarci maza a Suratun Nisa'i, aya ta 19, da su zauna da matansu da alheri, kuma Nana A'isha ta faɗa a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Masu kafa hujja da aya ta 34 a wannan sura don halatta dukan mata su sani cewa malaman da suka yi magana a kanta sun ɗaure ta da sharuɗɗa masu tsanani, sun hana dukan fuska da duk abin da zai bar tabo, har Aɗa'u ɗan Abi Rabah, babban malamin Makka cikin tabi'ai, ya ce kada miji ya doki matarsa ko da ta saɓa masa, kuma Alƙali Ibnul Arabi, wanda Bamalike ne, ya yaba wannan fahimta tasa. Babu malamin da ya halatta wa mutum huce takaicin gona a jikin mace mai ciki.

Maganar da ta fi damuna a wasiƙarki ita ce wadda maigidanki ya yi cewa yara ne, ba su san komai ba, domin na sha jin ta a zaman sulhu daga bakin mutane masu sallah a sahun farko. Yaron da ya gane sallamar babansa har ya ruga bayan rumbu ya riga ya ƙaryata wannan magana da ƙafafunsa. Likitoci sun bayyana cewa idan tsoro ya kama mutum jikinsa yana sakin wasu sinadarai, daga cikinsu akwai wanda suke kira kotizol, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri, su shirya jiki don gudu. Wannan rahama ce idan haɗarin na ɗan lokaci ne, kamar wanda ya ci karo da maciji a kunyar gona. Amma idan abin tsoron yana kwana ɗaki ɗaya da yaro, jikinsa ba ya samun damar saukowa daga wannan hali, sai barci ya lalace, cin abinci ya ragu, ciwon ciki da ciwon kai su yawaita, wanda ya daina fitsarin kwance ya koma, wani ma bakinsa ya yi nauyi. Kuma shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, shi ya sa abin ya fi yi wa ɗan shekara biyu illa, duk da cewa shi ne ake ganin bai san komai ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 1998, wanda aka gina a kan bayanan dubban manya game da ƙuruciyarsu, ya lissafa ganin ana dukan uwa cikin masifun ƙuruciya, ya kuma nuna cewa gwargwadon yawan irin waɗannan masifu, gwargwadon yawan ciwon zuciya da ciwon damuwa da shaye-shaye bayan an girma.

A shari'ance, cutar da ta tabbata da shaidar masana cuta ce ko da ba a ga jini ba, kuma Manzon Allah ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Uba makiyayi ne da za a tambaye shi game da kiwonsa, saboda haka lafiyar yaran nan amana ce a wuyansa, kuma zai amsa tambaya a kan kowane dare da suka kwana a firgice saboda shi. Cikin da kike ɗauke da shi ma yana da nasa haƙƙin, domin duka yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, kuma Manzon Allah ya hukunta biyan gurra, wato diyyar ɗan tayi, a kan cikin da ya zube saboda duka, wadda Malik ya ƙiyasta da dinari 50 ko dirhami 600, kuma uban da ya yi dukan ba ya gadon komai a cikinta.

Nan ne nake saɓa wa iyayenki, tare da girmama su da sanin cewa alheri suke nufi. Haƙuri ibada ce babba, kuma mace tana da ikon yafe abin da aka yi mata ta nemi lada a wurin Allah. Sai dai mutum yana yafe haƙƙinsa ne, ba ya yafe haƙƙin wani, kuma lafiyar waɗannan yara haƙƙinsu ce, ba taki ba ce balle ki bayar da ita sadaka. Idan an ce ki zauna saboda 'ya'yanki alhali zaman ne yake ramar da su, to hujjar ta juya ta zama hujjar tashi.

Don haka babu zunubi a kanki idan kin tafi gidan iyayenki da yaran domin tsira daga duka, kuma wannan ba ya cikin fitar da ake kira nushuzi, wato bijire wa miji, wadda ke zubar da haƙƙin ciyarwa. Ina ba ki shawarar kada ki yi shi a matsayin yajin da za a zo biko da goro a mayar da ke ba tare da an taɓa tushen matsalar ba. Ki sanar da waliyyinki komai, ki nuna masa halin yaran, a kira zama irin wanda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginki, a gaban limami ko mai unguwa, a ɗauki alƙawari a gaban shaidu. Idan ya tuba ya daina, komawarki alheri ce, domin talauci ya taɓa shi kuma ƙofar gyara a buɗe take. Idan ya ci gaba, akwai Hisba, akwai kotun shari'ar Musulunci, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ta ba mace damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa bayyananniya, har Shehu Halilu ya faɗa a Muhtasar cewa tana da wannan dama ko da shaidu ba su tabbatar da maimaituwar cutarwar ba. Renon yara kuma, idan aka rabu, na uwa ne matuƙar ba ta yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa kuwa tana kan uba.

Adalci ya sa in ƙara da cewa hukuncin nan bai keɓanta da maza ba. Idan ke ma kina rama zagi da jifa a gabansu, ko kina sauke ɓacin ranki a bayan yaron idan ya jiƙa tabarma, kin shiga cikin laifin gwargwadon abin da kika yi. Kada a doke shi ko a kunyata shi a kan fitsarin nan, ba da gangan yake yi ba.

Game da maganar surukarki, ki riƙa tofa musu Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, wannan sunna ce kuma muryarki kanta za ta kwantar musu da hankali. Amma kada a jingina wa iska abin da sababinsa yake a fili. Ki kai ƙaramar asibitin da ya fi kusa da ku cikin makon nan a auna ta, domin ramewa bayan yaye tana iya zama tamowa, kuma tamowa ba ta jira, a duba babban ko akwai ciwon mafitsara, ke ma ki je awon ciki ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya gaskiyar abin da yake faruwa, musamman idan duka ya taɓa samun cikin.

Allah ne mafi sani.