Amsa: Shin jama'a na iya tsige alƙalin babbar kotun jiha a Amurka?

Malam, ka tambaya ko masu zaɓe na iya sauke alƙalin kotun ƙoli ta jiha. Ƙwarai kuwa, a wasu jihohin. Dubi Rose Bird ta Kalifoniya. Lauyar marasa galihu ce, ba ta taɓa zama alƙali ba, sai Gwamna Jerry Brown ya naɗa ta babbar mai shari'a a 1977, mace ta farko a kotun. Duk hukuncin kisa da ya zo gabanta, sai ta goyi bayan soke shi. Wannan ya fusata jama'a, a Nuwamban 1986 suka kaɗa ƙuri'ar cire ta tare da alƙalai 2. Ni abin yana damuna, domin alƙalin da ke tsoron akwatin zaɓe da wuya ya yi hukunci da zuciya ɗaya. Ta rasu a 1999.