Koyar da Turanci a ƙetare: TEFL mai arha ko CELTA?

Tambaya: Ina da digiri a fannin Turanci, na kuma koyar a sakandare shekara uku. Na ga tallar kwas ɗin TEFL (horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) ta intanet a kan kuɗi kaɗan, ga kuma CELTA, wata takardar shaidar irin wannan horon, mai ɗan karen tsada. Wanne zan biya idan ina son koyarwa a ƙasar waje? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, kafin ki fitar da ko sisi, fara tsayar da ƙasar da kike hari, don fasfo ake dubawa kafin a dubi takarda. Koriya ta Kudu tana ba da bizar malaman Turanci, wato E-2, galibi ga 'yan ƙasashe bakwai ne: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, duk da Turanci ne harshen gwamnati a nan. Tailan da Biyetnam kuwa suna ɗaukar wanda Turanci ba harshensa na gida ba ne, amma sukan nemi sakamakon jarrabawar gwajin iya Turanci ta IELTS ko TOEIC. Na IELTS shekara 2 kawai yake aiki, don haka kada ki yi gaggawar rubuta shi.

TEFL ba sunan wata hukuma ba ne. Kowa na iya buɗe shafi ya sayar da kwas ya sa masa wannan suna, shi ya sa wasu suke da arhar banza. CELTA kuwa Jami'ar Cambridge ta Birtaniya ke ba da ita: kimanin awa 120, sati 4 zuwa 5 idan kullum ake zuwa, da rubuce-rubuce 4, da awa 6 na koyar da ɗalibai manya a gaban mai horarwa. Waɗannan awanni shida su ne abin da kike saye. Mai horarwar yana zaune can bayan aji da takarda, yana lura da yawan maganar da kika yi da wadda ɗalibai suka yi. A nan malamanmu da suka saba da allo da dogon bayani suke shan wuya, don so ake ɗalibi ya fi ki magana. Takardar CertTESOL ta hukumar jarrabawa ta Trinity da ke Landan ma darajarta ɗaya da CELTA, awa 130 ce.

A ganinmu, in ƙasashen Larabawa ko manyan cibiyoyin koyar da harshe kike so, ki yi haƙuri ki tara kuɗin CELTA. Jami'o'in can sukan ƙara da neman digiri na biyu. In aljihu bai kai ba, kada ki sayi TEFL da bai kai awa 120 ba, ko wanda babu koyarwa a gaban aji a ciki.

Sai takardu. Shaidar digirinki za ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kafin ofishin jakadancin ƙasar ya buga hatiminsa, a haɗa da takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Ki duba sunanki da kyau: in an rubuta Hauwa a digiri, Hauwa'u a fasfo, ana iya dawo miki da takardun. Duk dillalin da ya ce ki shiga da bizar yawon buɗe ido ki fara aiki, a gyara daga baya, ki guje shi; in aka kama, ke za a ci tara a koro, ba shi ba.